Awa Casa'in da Bakwai

Mita ta tsaya a casa'in da bakwai.
Littafin kamfani ya ce ɗari.
Da sauran uku, na ce wa Marlene.
Ta zaro kai daga cikin wani inji,
ta goge baƙin mai a cinyar wandonta,
ta ce, Gord, ƙarfe bai iya karatu ba.

Oktoba ce a bakin tafkin Simcoe.
Agwagin daji sun ja sahu sun yi kudu,
an janye jirage an lulluɓe su da tamfol,
babur ɗina na ruwa kaɗai ke kan tirela
yana ɗigar da sauran bazara a kan siminti.

Sufacaja sunan abin.
Bai fi kan jariri ba,
amma shi ne zugazugi, shi ke ɗura wa inji iska
har ya manta nauyinsa ya tsaya kan ruwa da ƙafa ɗaya.
A cikinsa akwai boris, akwai washa sirara kamar kwabo,
su ke shan wuya, ba mai jin kukansu.
Ran da ɗaya ta fashe, in ji Marlene,
ba ta tafiya ita kaɗai.
Ɓurɓushinta zai bi baƙin mai gida-gida,
ya gaida famfo, ya kwana a fistin.
Yau dala ɗari shida.
Ran nan kuwa, sai ka sayar da tirelar ka cika.

Ai na sani.
Tun Agusta allura ta daina kai inda ta saba,
juyi ɗari biyu sun ɓace daga sama.
Na ɗora wa ciyawar ruwa laifi,
na ɗora wa iska, na ɗora wa tumbina.
Akwai kuma wani siririn fito in na matse wuta,
na ce kunnena ne ya tsufa.

Ga abin da ban faɗa mata ba.
Ƙanena Lorne ne ya ɗaure kusoshin nan.
In ya gama da kowane, sai ya ja masa jan layi da fenti
daga kan kusa zuwa jikin ƙarfe,
don in ta motsa ya gani.
Awa sittin na farko duk nasa ne.
Hunturu biyu ke nan da muka sa shi a ƙasa
mai taurin da sai da aka kawo inji.
Layukan suna nan, ko ɗaya bai goce ba.
Duk sufanar da ta hau, za ta karya su.

Sai ga Colleen, 'yarsa, ran Lahadi,
da sabon lasisi a aljihun rigar sanyi.
Baffa, in ƙanƙara ta narke,
ka bar ni in kai shi tsibirin Georgina ni kaɗai?
Na ce to.
Da dare na gan ta a tsakiyar tafki,
inji shiru, iska na tasowa daga yamma,
gaɓa ta zama zare.

Ba a fafe gora ranar tafiya.
Da safe na karɓi sufana a hannun Marlene,
na ce wannan ni zan kwance.
Kusa ta farko ta yi ƙara kaɗan,
jan layi ya rabu biyu.
Ban mutu ba. Na kama ta biyu.

Da muka fito da shi, ta sa yatsa ta taɓa farfela,
ta juya salin-alin, ba ko gardama.
Washa ɗaya ta yi shuɗi don zafi,
da tsaga a gefe kamar gashin gira.
Marlene ba ta ce ai na faɗa maka ba.
Ta dai ajiye min ita a tafin hannu.

Kayan gyara sai mako mai zuwa.
Na sayi alƙalamin fenti, ja.
Na kira Colleen na ce ta zo ran Asabar,
ta sa tufafin da ba ta so.